Ƙwayar cuta a tsokar yaro, kuma a ƙasar sanyi?

Tambaya: Salam likita. Muna zaune a Ingila, yarona ɗan shekara 7 ya faɗi wajen ƙwallo, bayan kwana uku sai ɗingishi da zazzaɓi, da akayi hoton MRI akace ƙwayar cuta ce a tsokar ƙugunsa har ta fara tara mugunya. Ni a sanina ciwon ƙasashen zafi ne, shi kuwa ko gida bai taɓa zuwa ba, ina ya kwaso shi?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya bashi lafiya. Ba wani waje ya kwaso ba. Ciwon sunansa payomayosayitis, kuma gaskiyarki ne an daɗe ana kiransa na ƙasashen zafi dan a Afirka da makamantanta aka fi ganinsa, Amurka ma sai 1971 aka fara bada rahotonsa, amma yanzu likitocin yara a Turai suna haɗuwa dashi fiye da da.

Mafi yawa ƙwayar Staphylococcus aureus ce, waccan dai mai kawo maruru, tana zaune a fata da cikin hancin mutane lafiyarsu ƙalau. Wani lokacin sai ta ɗan faɗa jini ta wani ƙaramin ƙurji, lafiyayyar tsoka bata cika kamuwa ba, amma in ta samu wadda ta bugu jini ya ɗan kwanta a ciki, shikenan ta samu masauki. Kinga inda faɗuwar ƙwallon nan ta shigo.

Abinda ke wahalar da mu likitoci shine a yaran ƙasar sanyi ciwon ya fi son tsokokin can cikin ƙugu, ba kumburi a waje ba ja, ki duba cinyar tas take amma yaro ya ƙi taka ƙafa, sai a ɗauka targaɗe ne ko ciwon gaɓa, hoton ƙashi kuma sau da yawa baya nuna komai da farko, shiyasa sai MRI. Da a gida ne ma wallahi wasu wajen maɗori zasu fara kaishi, matsar nan kuwa ba abinda zata ƙara sai azaba.

Magani antibayotik ne ta jijiya tukunna, in zazzaɓin ya sauka gwajin jini ya yi kyau a koma na sha, galibi sati 3 zuwa 4 ko fiye, in mugunyar ta taru da yawa a zuƙe ta da allura ko ƙaramar tiyata. Yawanci suna warkewa garau su koma ƙwallonsu. Kar ki tsayar da maganin dan kinga ya fara guje-guje, in kuma zazzaɓi ya dawo ko numfashinsa ya canza ki maidashi asibiti a ranar.