Tambaya da Amsa: An ce in zuba wa karfasata "garin maza" su girma

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ina da kududdufin kiwon kifi ɗaya a gefen gonata, a yankin Sinnar na ƙasar Sudan, ina jawo masa ruwa daga tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa. Wata huɗu da suka wuce na sayi 'ya'yan karfasa dubu biyar a hannun wani dillali, ya rantse mini cewa duk maza ne, an riga an juya su. Yanzu kududdufin ya cika maƙil da ƙananan 'ya'ya, manyan kuma sun tsaya, da ƙyar suka kai tafin hannu. Da na koma masa sai ya ce maganin ne bai ishe su ba, ya sayar mini da wani farin gari a leda, babu suna babu takarda, wai in riƙa cuɗa shi da abincinsu har ranar kamu, matan za su koma maza, dukansu kuma za su yi ƙiba. Ban fara ba tukuna, domin uwargidana ta ce ta ji a makwabta irin wannan kifin yana kashe mazakuta, yana sa wa mata gemu. Kifin nan shi yarana ke ci, kuma jarin bashi ne. In zuba ko kada in zuba? Wanda muka riga muka ci ya cutar da mu? Daga mai kiwon kifi, jihar Sinnar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka zuba. Ɗaure ledar nan ka ajiye ta inda yaro ba zai kai ba, kuma kada uwargida ta taɓa ta da hannu, musamman in tana da juna biyu. Kifin da kuka riga kuka ci kuma bai cutar da ku ba, ka kwantar da hankalinka. In ma da gaske an ba su maganin suna 'yan jarirai, abin da kowane ɗaya ya ci bai taka kara ya karya ba, kuma jikin kifi yana fitar da shi cikin 'yan kwanaki bayan an daina ba shi. Wata huɗu ya wuce wannan nesa ba kusa ba.

Tunda kana kiwon, ka san dalilin da ya sa ake son maza zalla: macen bulti, wato karfasa, tana fara ƙwai tun tana ƙarama, ta kwashe shi a baki ta yi kusan mako biyu ba ta cin abin kirki, ta saki 'ya'ya, bayan 'yan makonni ta sake. Lissafin ne mutane ba sa yi. Gidan ƙyanƙyasa mai kyau yana fitar da maza 95 zuwa 98 cikin 100. A ce an ba ka 95, to cikin dubu biyar ɗinka akwai mata 250, kowacce tana zuba ƙwai ɗaruruwa kusan duk wata. Kai kuwa yadda ka kwatanta, ina zargin matanka sun kusa rabi, wato ko dai ba a ba su komai ba, ko an ba su a makare. Akwai kuma ƙofa ta uku da ba laifin dillali ba: ruwan tur'a. Shuɗin Nilu gidan karfasa ne tun fil azal, in bakin bututunka ba shi da raga mai ƙananan ido, 'ya'yan daji suna shigowa kullum ba sallama.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na ji shi, daga Sinnar zuwa Damazin zuwa Gadarif: wai homon ɗin nan, wato sinadarin da ake juya 'ya'yan kifi su zama maza da shi, maganin girma ne, wai ana iya ba da shi a kowane lokaci, wai in ka ƙara yawa sai ya ƙara aiki. Duk ukun ƙarya ne, kuma ƙaryar da za ta iya kai mutum asibiti.

Sinadarin da gidajen ƙyanƙyasa ke amfani da shi sunansa metiltestosteron, kuma aikinsa yana da taga ɗaya tak. Ɗan karfasa yana da kuromosom 44, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, mace XX, namiji XY, tamkar mutum ta wannan fuskar. Amma ranar da aka ƙyanƙyashe shi, gaɓar haihuwarsa ba ta zama gwaiwa ba, ba ta zama jakar ƙwai ba. Wani siririn zare ne kawai mai 'yan ƙwayoyin halitta da ba su yanke shawara ba. A jikin mai XX, wani sinadari da ake kira aromates yana tashi tun cikin makon farko yana ƙera homon na mata, shi ne ke tura zaren ya zama jakar ƙwai. A jikin mai XY kuma akwai ƙwayar gado a kan Y ɗin, wadda masu bincike suka tabbatar da aikinta a 2015 suka sa mata suna amhy, ita ke danne wancan aikin. Abin da muke yi da magani shi ne mu shiga tsakani kafin a yanke hukunci: daga ranar da ɗan kifi ya shanye gwaiduwar cikinsa ya fara neman abinci, tsayinsa bai wuce milimita 9 zuwa 11 ba, a ba shi abinci mai miligiram 60 na maganin a kowane kilo ɗaya, kwana 21 zuwa 28, a tsaya. Wanda ya wuce milimita 14 ma tace shi ake yi a cire, don ya makara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Macen da ke cikin kududdufinka ta yi ƙwai, ta goya, ta yaye. Ba garin da za ka zuba mata ta wayi gari namiji. Na san wani zai ce ai an taɓa juya manyan mata. An yi, a Japan, aka buga a 2013, amma da wani magani dabam mai toshe aromates, cikin tankunan ɗakin gwaje-gwaje, aka kuma shafe watanni ana yi, don a fahimci yadda ƙwayoyin suke, ba don a kai kasuwa ba.

Ƙara yawa kuma baya yake mayar da aiki. In maganin ya yi yawa, jikin kifin yana iya juya wani ɓangarensa ya zama homon na mata, sai ka samu mata-maza, ko kifin da gaɓarsa ta lalace gaba ɗaya. Girman da ake gani a kududdufin maza zalla, galibinsa daga namiji ba ya azumin goyo ne, kuma babu dubban 'ya'ya da ke raba masa abinci da iskar ruwa.

Mu yi lissafin abin da dillalin nan ya umarce ka. Ɗan jariri a duk kwanakinsa 28 ba ya cin abincin da ya wuce giram ɗaya, wato maganin da ya shiga bakinsa bai wuce miligiram 0.06 ba, sannan ya yi wata biyar ko shida yana cin abinci mai tsabta kafin ya shiga tukunya. Kifinka mai giram 100 yana cin kamar giram 3 a rana. Ko da a ce ka auna daidai da ma'aunin gidan ƙyanƙyasa, a rana ɗaya zai ci ninki uku na abin da jaririn ya ci a duk tsawon maganinsa, gobe ma haka, jibi ma haka, har safiyar da za a soya shi. Kai kuwa da cokali za ka auna, ba da sikelin miligiram ba. Kuma ba mu ma san mene ne a ledar ba. Yana iya zama metiltestosteron, yana iya zama ƙwayoyin 'yan ɗaga ƙarfe aka daka, yana iya zama garin alli.

A nan maganar uwargida take da ƙamshin gaskiya, a gaishe ta. Kifin da aka juya bisa ƙa'ida ba ya sa gemu, ba ya kashe mazakuta, kuma da yana yi da Masar ta fara gani, ita da ke noman bulti sama da tan miliyan ɗaya a shekara. Amma maganin kansa, in ya shiga jikin mutum kai tsaye kuma ya daɗe, duk abin da ta lissafa yana iya yi. Yana wahalar da hanta. Yana kaurara muryar mace ya fito mata da gashi a fuska, muryar kuma ba lallai ta dawo ba. Yana iya ɓata halittar al'aurar 'ya mace tun tana ciki. Yaro yana iya balaga kafin lokaci ƙashinsa ya daina tsawo. Namiji kuma maniyyinsa raguwa yake yi. Wanda ya fi kowa shiga haɗari ma ba mai ci ba ne, mai cuɗawa ne, kuma a gidajenmu wa ake ba irin wannan aikin in ba yaro ko mace ba? A gidan ƙyanƙyasa narkar da shi ake yi a cikin sifirit mai ƙarfi, da safar hannu da takunkumi, a shanya abincin a inuwa, a ajiye a firji cikin duhu, domin zafi da hasken rana suna kashe shi. Ka duba zafin Sinnar a watan Afrilu, ka duba yadda wutar lantarki take, ka gaya mini abin da ya rage a ledar da ke yawo a aljihun jallabiya. Sannan abin da kifi bai ci ba yana kwanciya a laka, ranar da ka buɗe kududdufi ya bi tur'ar da ƙauyen ƙasa da kai ke ɗiba su sha.

Ban ɗora wa mai kiwo laifi duka ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyoyin samun iri mai asali suka rikice, sai kowane mai bokiti ya zama gidan ƙyanƙyasa. Amma tun kafin yaƙin ma, Sudan da ta fara gonar gwajin kifi a Shajara, a Khartoum, tun 1953 ba ta kai ga sa mai sayar da 'ya'yan kifi ya miƙa wa manomi takardar da ke cewa ga uwayensu, ga ranar ƙyanƙyasa, ga kason maza ba. Na taɓa yawo da samfuri daga ofis zuwa ofis ina neman sa hannu har ƙanƙarar ta narke kifin ya ruɓe. Alhali gwajin ba wani abin a zo a gani ba ne. Tun 1974 aka san shi: a yanka ɗan kifi mai giram biyu ko uku, a zaro siririn zaren nan da ɗan hantsaki, a ɗora a gilashi, a ɗiga masa jan rini na asetokamin, a danne. A madubin ƙara girman abu, na mace za ka ga ƙwayaye zagaye-zagaye, kowanne da babbar cibiya a tsakiya. Na namiji kuwa ɗigo-ɗigo ne ƙanana a cunkushe. 'Ya'ya ɗari, wuni ɗaya, magana ta ƙare. Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah. Hadisin da Muslim ya ruwaito bai ware 'yan kifi ba: wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ka karɓi kuɗin bashi a hannun mai iyali ka ba shi mata a sunan maza, ya dawo da kuka ka ƙara masa da guba, me za ka faɗa ranar da za a tambaye ka?

Ga abin da za ka yi da kududdufinka. Ka ja taru da sanyin safiya. Duk kifin da ya kai giram 30 ana gane jinsinsa da ido: ka kifar da shi, ka shafa ɗan shuɗin rini ko tawada a ɗan tsiron da ke bayan dubura. Na namiji mai tsini ne da ƙofa ɗaya a ƙarshe, na mace ya fi faɗi kuma yana da tsaga a kwance a tsakiya. Matan ka sayar ko ku ci, ƙananan 'ya'yan ka kwashe iya iyawarka ka busar, abincin kaji ne mai kyau. Ka saki 'yan tarwada kaɗan waɗanda bakinsu ba zai iya haɗiye manyanka ba, su share ragowar. In kana da hali ka mayar da mazan cikin keji na raga da bai taɓa ƙasa ba, domin a nan ko mace ta ɓuya a ciki ƙwan zubewa yake yi ta idon raga kafin ta tsince shi. Bayan kamu ka zubar da ruwan duka, ka bar ƙasa ta bushe har ta tsage, ka watsa jir, wato garin farar ƙasa da aka ƙona (lime), a ramukan da suka riƙe ruwa, ka sa raga a bututu.

Abu ɗaya nake roƙonka, don na san zuciya za ta raya maka: kada ka ware uwaye daga wannan kifin ka ce za ka huta da dillalai. In an ba su magani ko da rabi-rabi ne, wasu daga cikin mazan nan XX ne a gadonsu, jikinsu kawai aka juya. Namiji mai XX in ya haɗu da mace, 'ya'yansu mata ne kusan duka, sai ka wayi gari da abin da ka gudu ninki biyu. Kuma al'adar sayar da manya a bar 'yan ragowa su hayayyafa zaɓen iri ne a juye, kowace shekara kana tara masu saurin balaga da jinkirin girma, ga auren dangi a kai. Ingantaccen irin karfasa mai suna GIFT da aka fara a Filifin a 1988 daga tushe takwas, huɗu na dajin Masar da Gana da Kenya da Senegal, huɗu na gonakin Asiya, da irin Abbasa na Masar, duk da zaɓe aka same su, iyali-iyali, tsara bayan tsara, ana rubuta wa ya haifi wa, ba a sa musu ƙwayar gadon wata halitta ba. Akwai ma hanyar samun maza da uba mai YY, wanda 'ya'yansa ke fitowa maza ba tare da an ba su magani ba. In za ka sake saye, ka je gidan ƙyanƙyasar da ƙafarka, ka ga inda uwayen suke da inda ake ajiye abincin jarirai, ka tambayi ranar da aka fara ba su da ranar da aka tsaya. Ledar kuma ka kai wa likitan dabbobi mafi kusa da kai, kada ka juye ta a tur'a ko a masai.