Me ya sa bidiyon taim-laps yake rawa, haskensa yana ƙiftawa?

Malam, ka ce bidiyon gajimarenka na taim-laps, wato hotunan da ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya da tazara a haɗa su su zama bidiyo mai sauri, yana rawa, haske kuma yana ƙiftawa. Ƙiftawar laifin otomatik ne, domin kyamara takan sake auna haske a kowane hoto. Mayar da ita manuwal, wato saiti da hannu, ka kulle ISO (ƙarfin jin hasken kyamara), saurin shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) da fokas (saitin da ke sa hoto ya fito tar). Rawar kuwa, ɗora kyamarar kan mariƙi mai ƙafa uku, ka rataya masa jaka mai nauyi saboda iska, kada ka ƙara taɓa ta.

Bidiyon daƙiƙa 10, a hoto 25 kowace daƙiƙa, yana cin hoto 250. In kana ɗaukar hoto ɗaya duk daƙiƙa 3, ɗaukar za ta ci minti 12 da rabi ke nan. Cika batir tukuna.

In ɗigon baƙi ya tsaya wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Kada ka goge da tsumma, kai wa mai gyaran kyamara.