Amsa ga Baffa kan ƙarar da muka ɗaukaka saboda Goggo

Baffa, barkanku da war haka. Na saurari saƙonku, kuna tambaya ko da gaske ne mun kai hukuma ƙara a kan kuɗin Goggo, kuna kuma gudun kada abin ya zama butulci ga ƙasar da ta karɓe mu. Da gaske ne, amma ku kwantar da hankalinku. A nan Ingila ita kanta takardar da ta yanke kuɗin ce ke faɗa wa mutum yadda zai ƙalubalance ta, kuma ba a riƙe kowa a zuci don ya yi hakan.

Kuɗin ana ce masa PIP, tallafi ne da gwamnati ke bai wa masu naƙasa ko doguwar rashin lafiya, an fara shi a 2013. Ba a tambayar ko kana da aiki ko dukiya, kuma sunan ciwon kaɗai ba ya sa a ba ka. Abin da ake aunawa shi ne abin da ciwon ya hana ka: girki, wanka, sa tufafi, kewayawa, shan magani, shiga mutane, tafiya. Kowanne da makinsa. Maki 8 na kawo ƙaramin kaso, 12 babba. Galibi da wa'adi ake bayarwa, in ya kusa cika a sake tantance mutum, ko da shanyewar ɓarin jiki ce irin ta Goggo. Ba kowa ma ke da haƙƙinsa ba, masu bizar karatu da masu bizar aiki ba sa ciki.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne wajen amsa tambaya. Kun san Goggo. An kira ta a waya, aka ce ya jiki, ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Aka ce tana iya girki, ta ce tana yi, ba ta ambaci cewa 'yarta ce ke yanka albasa ta kuma sauke tukunya ba. Da aka zo maganar banɗaki, ga shi namiji ne baƙo ke tambaya, sai ta ce lafiya lau. Me kuke zaton zai rubuta? A gida mai jin wannan amsa ya san akwai sauran magana a ƙasa. Shi kuwa abin da kunnensa ya ji ya sa a takarda. Alhali doka ba ta lissafa cewa ka iya abu sai in kana yinsa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma bai ɗauke ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Ana kuma duba yadda kake a mafi yawan kwanaki.

Ni a ganina ba rashin kuɗin ne ya fi karya ta ba. Da aka karanta mata rahoton, ji ta yi an mai da ita maƙaryaciya mai cin haram duk shekarun nan. Yanzu ko ambulan ta gani a ƙofa jikinta rawa yake.

Shi ya sa muka daina barin kowa ya shiga wannan shi kaɗai. Matan unguwa na zama da mai jinya su rubuta abin da ke faruwa kullum, har wanda ake jin nauyin faɗa. Malamai ma na tuna wa mutane cewa gaya wa mai tantancewa gaskiyar halinka ba ƙorafi ne ga Allah ba. Mun nemi kwafin rahoton, muka bi shi layi-layi tare da ma'aikaciyar Citizens Advice, masu ba da shawara kyauta, muka haɗa da wasiƙar likita. Wata ɗaya ake bayarwa a nemi ma'aikatar da ke biyan kuɗin ta sake duba hukuncinta. Ba kasafai take sauyawa ba, namu ma ba ta sauya ba.

Daga nan sai kotu, amma ba irin wadda kuke hangowa ba. Mutum uku ne a tebur: alƙali, likita, da wani masanin rayuwar masu naƙasa. Ba a biyan ko sisi, suna kawo tafinta, ana iya yi ta waya ko bidiyo, kuma 'yarta za ta zauna kusa da ita. Kusan biyu cikin uku na waɗanda aka saurari ƙararsu suna yin nasara, a biya su bashin baya. Sai dai jiran na ɗaukar watanni, kuma kotun na da ikon rage abin da mutum ke samu, don haka mai sauran kaso a hannu ba ya shiga sai ya yi shawara. Ita Goggo duka aka yanke mata.

Alfarma ɗaya nake roƙo, Baffa. In kun kira ta, kada ku ce ta haƙura ta bar wa Allah, don maganarku kawai take jira ta janye. Ku ce mata ta faɗi gaskiya ko da kunya, ku kuka ba ta izini. A gaida Inna da yara.