Ɗaki mai jim ko gidan haɗaka? Amsa ga ƙanwata mai zuwa Manchesta

Wa alaikumus salam ƙanwata, na ga saƙonki aiki ne ya riƙe ni, ki yi haƙuri. Barka da samun biza, Allah ya sa wa karatun albarka. Kin ce kin samu wuri biyu a Manchesta, ɗaya ɗaki ne ke kaɗai a dogayen benayen ɗaliban nan na tsakiyar gari, kicin ɗinki da banɗakinki duk a ciki, ga jim wato ɗakin motsa jiki a ƙasa ga lifta ga ɗakin kallo da wajen wanki, fam 240 a sati, ɗayan kuma ɗaki ne a gidan haɗaka a unguwar Rusholme ku huɗu duk mata, fam 550 a wata. Mama ta fi son na farkon saboda tsaro, ke kuma jim ɗin ne ya ja ki don kina son rage jiki tunda akwai ciwon suga a gidanku.

To bari in fara da jim ɗin tunda shi ne ya tafi da hankalinki. Wlh a cikin 'yan uwanmu mata da na sani da suka zauna a irin benayen nan, ɗaiɗaiku ne suka ɗore da shiga jim, farkon zuwa ne kawai ake ɗoki daga nan shikenan. Kuma ba lalaci ba ne, yawanci jim ɗin maza da mata ne a haɗe, wani ma bangon gilashi ne a kusa da ƙofar shiga duk mai wucewa yana kallonki, ke da kika saba da hijabinki ba za ki sake ba, sai ki ce bari in jira sai dare ya yi an watse, daren kuma ga aikin makaranta ga gajiya. Amma babbar matsalar ba ma jim ɗin ba ce, ginin ne gaba ɗaya an tsara shi yadda ba kya buƙatar fita. Lifta ta kai ki ƙofar ɗaki, abinci ki danna waya Deliveroo ko Uber Eats su kawo miki har ƙasan bene, lacca da yawa ana ɗora ta a intanet, daga gado zuwa tebur taku biyu daga tebur zuwa firji taku biyu. Mutum zai iya kwana da wuni a ɗaki bai taka ƙasa ba kuma babu wanda zai tambaye shi lafiya.

Kinga a gida ba mu ma san muna motsa jiki ba, rayuwar ce take tuƙa mu, shara da wanke-wanke, wanki da hannu, a aike ki kasuwa, ki taka zuwa titi neman adaidaita, yau suna gobe biki jibi dubiya, ga rana tana dukanki ko kina so ko ba kya so. Duk wannan ranar da kika sauka a nan ya yanke. Shi ya sa ni idan ana maganar gida da lafiya ba na duba jerin kayan alatun da suka rubuta a talla, ina duba me gidan zai tilasta miki ki yi kullum. Hukumar lafiyarsu NHS tana cewa babba ya samu minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, tafiya da sauri ma tana ciki. Daga Rusholme zuwa jami'a ta kan titin Wilmslow zuwa titin Oxford tafiyar minti ashirin da ɗan wani abu ce a ƙafa, zuwa da dawowa kwana huɗu a sati kin cika wannan lissafin ba tare da kin sa kayan jim ba, kuma kin rage kuɗin bas. Ga filin Platt Fields nan kusa da ku, duk Asabar ƙarfe 9 na safe ana yin parkrun, wato gudun haɗin gwiwa na kilomita 5, kyauta ne, rajista kawai za ki yi a intanet, masu gudu su yi gudu masu tafiya su yi tafiya, za ki ga tsofaffi da masu tura keken jarirai da mata da mayafinsu babu mai kallon wani. Wuraren ninƙaya da motsa jiki na unguwanni kuma wasu suna ware lokacin mata zalla, ki tambaya idan kin zo.

Sai kicin, kuma a wajena nan ne lafiyarki take musamman da kika ambaci suga. Kicin ɗin ɗakin ke kaɗai ɗin nan kar ki ga hoto ya yi kyau, yawanci murhun lantarki ne mai kai biyu da ƙaramin firji na ƙarƙashin kanta, firizarsa ko kaza ɗaya da ƙyar take ɗauka, kuma duk a cikin ɗakin da kike kwana, tagar ma an sa mata ƙarfe ba ta buɗewa sai ɗan kaɗan saboda tsayin bene. Ki soya albasa da manja sau ɗaya, ko ki jefa daddawa a miya, bargonki da rigar sanyinki da za ki sa zuwa aji duk sun ɗauka, sai ki fara jin nauyin girki, daga nan sai indomi da burodi da cips da lemon kwalba, su ne masu arha kuma su ne masu sauri. Haka jiki yake buɗewa mutum bai ankara ba. A gidan haɗaka kicin ɗaki ne guda, da oba da babban firji, sai ki ware rana ɗaya ki yi miyar kuka ko ta taushe ko ta alayyahu mai yawa ki zuba a robobi ki sa a firiza, ki dafa wake, sati ya wuce kina cin abincin da cikinki ya sani. Kuma wajen da kika samu ɗin ba za ki sha wahalar cefane ba, titin Wilmslow cike yake da mahautan halal da shagunan kayan miya, kasuwar Longsight ba nisa, za ki samu kuɓewa da attaruhu da doya da garin semo, sauran kaya kuma manyan shagunan Lidl da Aldi sun fi sauƙi. Amma fa titin nan shi ne kuma cike da gidajen shawarma da kayan zaƙi har tsakar dare, wannan kuma sai kin kama kanki. Ki taho da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da kanwa, nama da kilishi da madara kuma kar ki sako, ba a yarda a shigo da su ba.

NHS da kanta tana cewa mu baƙar fata haɗarin suga nau'i na biyu yana fara hawa mana tun daga shekara 25, turawa kuma sai 40, to ga shi kuma akwai a gida, don haka maganar abinci kar ki ɗauke ta da wasa dan Allah.

Abu na gaba rana. Za ki zo a Satumba gari da ɗan haske, amma a Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk tsakanin sha biyu da huɗu za ki yi su, ranar ma da yawan lokaci hadari ya rufe ta don Manchesta garin ruwa ne. Daga Oktoba zuwa Maris hasken ba ya isa jiki ya haɗa bitamin D, shi ya sa NHS suke ba kowa shawarar shan maikrogiram 10 kullum a wannan lokacin, mu masu duhun fata da masu rufe jiki kuma cewa suka yi mu duba shan sa duk shekara. Ba tsada, kowane kemis da manyan shaguna akwai. Ciwon ƙashi da kasala da yawan baccin da mutanenmu ke kuka da shi a hunturu wani lokacin daga nan yake. Don haka ki tambayi ina tagar ɗakin take kallo, in bango take kallo ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne ki haƙura da shi ko da arha, zama a ɗakin da sai da ƙwan lantarki tun safe yana taɓa zuciya sosai, na ga yara masu fara'a sun koma shiru-shiru. Lokacin zafi kuma abin juyawa yake, a Yuni har wajen tara da rabi na dare da rana, Isha ta yi nisa Asuba ta matso, in babu labule mai kauri baccinki zai rikice.

Yanzu kar ki ce na zuga gidan haɗaka kawai, yana da nasa ciwon kuma babba ne, danshi da fumfuna. Gidajen unguwannin nan da yawa tsofaffin gine-ginen jan bulo ne, sanyi yana shiga, mutane kuma don tsoron kuɗin gas sai su ƙi kunna hita su rufe tagogi ruf su shanya wanki a ɗaki, ruwa ya riƙa tsatsafowa a gilashi, kafin ki ankara bayan kabad da kusurwar silin sun yi baƙi. Wannan baƙin ba datti ba ne kawai, yana tayar da asma da tari da ciwon ƙirji. A Rochdale nan kusa da mu akwai yaro ɗan shekara biyu Awaab Ishak, iyayensa daga Sudan suka zo, ya rasu a Disamba 2020, binciken kotu a 2022 ya tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce ta lalata masa numfashi, kuma iyayen sun yi ta kai ƙorafi ba a gyara ba. Har doka aka yi da sunansa, ta fara aiki a Oktoba 2025 a gidajen gwamnati da na ƙungiyoyin gidaje, tana tilasta a gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Allah ya jiƙansa. Ke gidan ɗan kasuwa za ki kama, to idonki ne zai tsare ki tun kafin ki biya. A nan benen ɗalibai ya fi, gaskiya, yawanci sabo ne da ɗumi kuma kuɗin wuta da hita yana cikin haya. Shawarar da hukumomin lafiya suke bayarwa ɗumin ɗaki kar ya gaza digiri 18, in kin zo ki kunna hita ki buɗe taga na ɗan lokaci kullum ko ana sanyi, in kin yi alwala ki goge ruwan ƙasa don banɗakunansu ba a yi su don zubar da ruwa ba, wani ma kafet ne a ciki.

Turaren wuta kuma, na san ba za ki zo babu shi ba, to ki sani a benayen ɗalibai an hana shi tare da kyandir, na'urar hayaƙi tana kuka a fitar da mutanen bene duka waje cikin sanyi kuma a ci ki tara. Wasu sai su ɗaure na'urar da leda ko safa, dan girman Allah kar ki taɓa yin haka, ran mutane ne. Gawayi a ɗaki a rufe kuma yana fitar da iskar guba marar wari da take kashe mutum cikin bacci. Ki nemi abin ƙona turare na lantarki ki yi kaɗan taga a buɗe in gidan ya yarda, ko ki tsaya a humra.

Abin da ya fi damuna da ɗakin ke kaɗai shi ne kaɗaicin. Ke da kika tashi a gidan yawa, a wayi gari babu mai ce miki ina kwana, kowa a lifta kansa a waya, ɗakin kallon da suke talla yawanci ba kowa a ciki. Wanda yake shi kaɗai ba ya girki, ba ya bacci a kan lokaci, sai bidiyo kol da gida har ƙarfe biyun dare. A gidan haɗaka ko ba ku shaƙu ba akwai wadda za ta lura yau ba ki fito ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, in zazzaɓi ya kama ki akwai mai miƙo miki ruwan zafi. Babban masallacin Victoria Park ma yana nan kusa da Rusholme, za ki haɗu da mutane. Sai dai ki tambaya matan nan su waye, ana kawo maza su kwana, ana ajiye naman alade ko giya a firji, yaya ake rabon shara, don in zaman ya ƙi daɗi za ki koma ɓuya a ɗaki kina gudun kicin, an koma gidan jiya kenan.

Kuɗin ma ki lissafa, kwantiragin benayen nan na masu digiri na biyu yawanci sati 51 ne, fam 240 sau 51 ya kama 12,240, gidan haɗaka wata 12 kuma 6,600, ko an ɗora kuɗin gas da wuta da intanet akwai rata mai yawa, ratar nan ita ce za ta hana ki kwasar aikin dare a gidajen kula da tsofaffi don cike haya, awa 20 a sati aka yarda ki yi lokacin karatu kuma aikin dare yana cin jiki.

Ni da ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, Rusholme zan ce ta kama, da sharaɗin gidan a bushe yake. In ya kasa, ki nemi irin benen ɗaliban da kowa da ɗakinsa da banɗakinsa amma kicin ɗaya ake haɗawa, ki ce a sa ki ɓangaren mata, wannan zai kwantar wa Mama hankali kuma ya fi ɗakin ke kaɗai arha. Kafin ki tura ko sisi ki ce a zagaya da ke gidan ta bidiyo kai tsaye da rana, gani ya kori ji, a nuna miki bayan gado da bayan kabad da silin ɗin banɗaki da gefen taga, ki ga na'urar hayaƙi a kowane hawa, ki nemi takardar duba gas ta shekarar, ki tambaya kuɗin hita yana cikin haya ko akwai iyaka. In kuɗin ajiya suka nema, doka ba ta yarda ya wuce hayar sati biyar ba. Satin da kika sauka kuma ki yi rajista da likitan unguwa, GP suke ce masa, kin riga kin biya fam 776 na lafiya na shekara tare da bizarki, ki gaya masa akwai suga a gidanku ki nemi a gwada ki. Turo min sunan layin da gidan yake, in na samu sarari ranar Asabar zan je in duba miki ɗakin da kaina. Ki gaida Mama da kyau.