Tambaya da Amsa: Daga Ina Labarin Illuminati Ya Samo Asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Kusan kullum sai an turo mini bidiyo a WhatsApp ana cewa wata ƙungiyar asiri mai suna Illuminati ce ke juya duniya, ana nuna hoton wani bunsuru mai fukafukai da idon da ke jikin dalar Amurka a matsayin hujja. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu wannan magana suna ambaton littattafai da yawa, kuma duk bakinsu ɗaya. Anya littattafai masu yawa haka za su haɗu a kan ƙarya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaman hadisi sun daɗe da koya mana cewa yawan masu ruwaya ba ya ƙarfafa labari idan dukkansu daga bakin mutum ɗaya suka ɗauko, kuma da wannan ma'auni ya kamata ka auna littattafan da kake magana a kai.

Ƙungiyar dai an taɓa yin ta. Wani farfesan shari'a mai suna Adam Weishaupt ne ya kafa ta ranar 1 ga Mayu, 1776, a garin Ingolstadt da ke Bavaria, a ƙasar Jamus ta yau. Manufarta ita ce rage ƙarfin limaman coci a harkar ilimi da mulki, ba ta da alaƙa da tsafi. Ba ta cika shekara goma ba mai mulkin Bavaria, Karl Theodor, ya haramta ta da dokokin 1784 da 1785, aka kwashe takardunta aka buga su kowa ya karanta, ta watse.

Littattafai ne suka tashe ta daga kabari. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, wanda ya kai ga sare kan sarki, mutane da yawa a Turai sun kasa yarda cewa yunwa da haraji da bashin gwamnati sun isa su rusa sarauta mai ɗaruruwan shekaru, don haka suka shiga neman hannun ɓoye. A 1797 wani limamin Katolika ɗan Faransa da ke gudun hijira a Landan, Augustin Barruel, da wani farfesa a Edinburgh, John Robison, kowannensu ya fitar da littafi yana ɗora alhakin juyin a kan Illuminati da 'yan Freemason, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka mai gudanar da tarukanta a asirce. Kusan duk wanda ya yi rubutu a kan batun daga baya, a rijiyar waɗannan biyun ya ɗebi ruwa.

Bunsurun kuwa daga wani gida daban ya fito, wato littattafan sihiri da suka yi tashe a Turai a ƙarni na 19. Wani Bafaranshe da ya yi karatun limanci ya bari, mai rubutu da sunan Éliphas Lévi, shi ya zana shi a littafinsa na sihiri a 1856, ya kira shi Baphomet, yana nufin alamar daidaito tsakanin kishiyoyi kamar haske da duhu. A 1875 kuma Helena Blavatsky da abokanta suka kafa ƙungiyar Theosophy a New York, inda ta yi ta rubuta cewa akwai wasu manyan malamai ɓoyayyu a wajen Tibet da ke ja-gorantar 'yan Adam. A ganina nan ne mahaɗar take. Wanda labarin ya burge shi ya ga waliyyai yana neman hanyar kaiwa gare su, wanda ya tsorata ya ga maƙiya masu ƙulla makirci, amma dukkansu sun karɓi abu guda, cewa akwai wasu 'yan tsiraru a ɓoye da suka san abin da sauran jama'a ba su sani ba. Shi ya sa mai sayen littafin sirrin taurari sau da yawa shi ne mai sayen littafin makirci.

Wanda ya ɗaura auren bunsurun da ƙungiyoyin asiri shi ne Léo Taxil, ɗan jarida a Faransa da ya yi suna wajen zagin coci. A 1885 ya ce ya tuba, ya shiga fitar da littattafai masu cewa a cikin Freemason akwai wani ɓangare da ke bauta wa Shaiɗan, yana sa zanen Lévi a bangon wasu daga cikin littattafan, har ya ƙirƙiro wata mace mai suna Diana Vaughan da wai ta tsere daga cikinsu tana tona asiri. Manyan limamai sun gaskata shi, ya samu ganin Fafaroma Leo na 13. Ranar 19 ga Afrilu, 1897, ya tara jama'a a Faris da alkawarin zai nuna musu matar, sai ya miƙe ya shaida musu cewa babu ita, kuma shekara goma sha biyu ya yi yana yi musu wasa da hankali. Tonon asirin da ya yi da bakinsa bai hana a ci gaba da kwafar littattafan ba.

Daga cikin waɗanda suka gaji wannan kaya akwai William Guy Carr, tsohon hafsan sojan ruwa na Kanada, wanda littafinsa na shekarun 1950 ya haɗa Illuminati da 'yan banki da 'yan gurguzu a tukunya ɗaya. An fassara shi zuwa Larabci da suna Ahjar ala Ruƙ'atish Shaɗranj, ya yaɗu a ƙasashen Musulmi, kuma mai karatu da ya ga littafi da Larabci yana iya ɗauka daga malamanmu ya fito, alhali kayan rigimar cocin Turai ne aka sauya wa riga. Carr ne kuma ya yaɗa wasiƙar nan da ake cewa wani jigon Freemason a Amurka, Albert Pike, ya rubuta a 1871 yana hasashen yaƙe-yaƙen duniya uku. Ba a taɓa fito da ainihin wasiƙar ba, kuma idan aka bi sawunta, a rubuce-rubucen Taxil take ƙarewa.

Batun dala ba ya buƙatar dogon bayani. Ido a cikin alwatika tsohuwar alama ce a zane-zanen cocin Turai, tana nuna cewa Ubangiji yana ganin komai. Majalisar Amurka ta amince da shi a bayan hatimin ƙasar a 1782, kuma bai hau takardar dala ɗaya ba sai a 1935, shekara 150 bayan an rufe ƙungiyar Weishaupt, wadda ita alamarta mujiya ce.