Amsa ga Hajiya mai tumatir a saman bene a Jidda

Hajiya sannu da ƙoƙari. Kin ce tumatirinki yana fure amma furen na zubewa ba ya ɗaura 'ya'ya tunda Maris ya shigo, to gaskiya ba ciwo bane kuma ba taki ya rasa ba, zafi ne kawai. Shi tumatir da zarar zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba sai furen ya bushe daga wuya ya faɗi, ga simintin saman bene yana ƙara masa wuta ta ƙasa. Nan Jidda Oktoba zuwa Nuwamba ake shuka shi.

Yanzu dai ki ɗaura masa koren ragar inuwa, ki ɗora tukwanen kan katako, ban ruwa da asuba bayan sallah, kar ki ba shi da azahar don Allah. Ruwan da ke ɗiga daga AC ma ki tara, ba gishiri a ciki.

Ni da zaki ji tawa ki shuka kuɓewa da lalo, wato wanda Larabawa ke ce wa mulukiya, da yakuwa, su zafin ma so suke. Zogale kuwa ki nema masa babban bokiti mai zurfi saboda saiwarsa ƙasa take nutsawa.