Zuwa kallon hokin ƙanƙara na jami'a a Amurka: tikiti da wurin zama

Tambaya: Ina karatu a Minneapolis, kuma ina so in kai iyalina kallon ƙungiyar maza ta Jami'ar Minnesota a wasan hokin ƙanƙara. A ina zan sayi tikiti, kuma wane wuri ya fi kyau mu zauna?

Amsa: Malam, fara da zaɓen ranar wasa, domin ita ke yanke farashi. Kakar wasannin jami'o'i tana farawa a Oktoba, ta ƙare a Afrilu da gasar Frozen Four, inda ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe ke neman kofin ƙasa. Akasari ana karawa da ƙungiya ɗaya sau biyu a jere, daren Juma'a da daren Asabar. Idan ƙungiyar jami'ar Wisconsin, Michigan ko North Dakota ce baƙuwa a zauren Mariucci, gidan ƙungiyar Minnesota, mai ɗaukar mutum wajen 10,000, tikiti kan yi tsada ya kuma ƙare da wuri. Tunda zuwan farko ne da yara, nemi wasa da ƙaramar ƙungiya, ko wanda ya faɗo lokacin hutun ɗalibai.

Ka saya daga ofishin tikiti na sashen wasannin jami'ar, ta shafinsu ko a tagar zauren. Masu tikitin kaka gaba ɗaya su ke kwashe kujeru masu kyau, ragowar ake sayarwa ɗaiɗai. Sai abin ya gagara za ka koma StubHub ko SeatGeek, inda mutane ke sake sayar da nasu. A can ka duba jimillar kuɗin kafin ka biya, don ladan shafin ba kaɗan ba ne. Tikitin ɗalibi yana da rahusa, amma da katin shaidarka yake aiki, uwargida da yara ba za su shiga da shi ba. Sashen ɗalibai ma a tsaye ake kallo, ga ihu da baƙar magana ga mai tsaron ragar baƙi.

Inda aka fi samun matsala shi ne bakin ƙofa. Tikitin a waya yake, kuma a wurare da yawa lambarsa tana sauyawa, don haka hoton da wani ya turo maka ba zai wuce na'ura ba. Sai mai shi ya miƙa maka ta manhaja, ka karɓa da imel ɗinka. Sauke shi cikin waya tun a gida, saboda intanet kan yi nauyi a cunkoso. Karanta dokar jaka kuma, don ana mayar da mai babbar jaka.

Batun kujera, sabon zuwa yakan so layin farko jikin gilashin da ya kewaye filin. Za ka ji ƙarar karo, amma rabin filin zai ɓace maka. Faifan robar da ake bugawa bai wuce giram 170 ba, yana kuma gudu fiye da yadda ido ya saba. Hau layi na 10 zuwa 20 a gefe, daidai tsakiyar fili. In bayan raga za ka zauna, tambaya wace raga ce 'yan gida ke kai wa hari sau biyu, tunda wasan zango uku ne na minti 20, ana sauya gefe kowane zango.

Ware awa biyu da rabi. Ku sa rigar sanyi mai kauri da safa. Ciki akwai sanyi, ko da yake a tsakiyar hunturu bai kai na waje ba. Ba a tashi ko komawa kujera sai alƙali ya busa usur, in ba haka ba masu gadi za su tsayar da kai. Abincin ciki kuwa, tambaya kafin ka saya, don ana iya samun naman alade a ciki.